Na biya kuɗin zanen, zan iya buga shi a riga in sayar?

Ɗan'uwa, ka ce wani mai zane ya yi maka surar katun da kake fitowa da ita a YouTube maimakon fuskarka, ka biya shi, yanzu kana son saro riguna a Kantin Kwari ka buga hoton a jiki ka sayar wa mabiyanka.

Dakata tukuna. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin zane yana hannun wanda ya zana shi tun farko, kuma ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Kuɗin da ka tura masa na aikin ne. Idan maganarku ta tsaya a kan fitowa a bidiyo, to riga, kofi da sitika ba sa ciki.

Koma wurinsa ku rubuta a takarda: ya sallama maka haƙƙin gaba ɗaya ne, ko izini ya ba ka? Na tsawon wane lokaci? Yana da kaso a kowace riga? Ni na fi son sallamawa gaba ɗaya ko da za ka ƙara kuɗi, don rigima kan tashi ne bayan kaya sun fara shiga.

Inda mutane suka fi tuntuɓe: wanda ya haɗa motsin surar a Live2D (manhajar da ke sa zane ya riƙa motsi) sau da yawa daban yake da mai zanen, shi ma ka nemi amincewarsa. Haka zanen da mabiya suka turo maka kyauta, nasu ne.

Kafin ku sa hannu, lauya ya duba takardar, ka kuma tambaye shi batun rajistar sunan surar a matsayin tambarin kasuwanci.