Tambaya da Amsa: Shin Excel ma rumbun bayanai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata makarantar kuɗi, kuma a Excel nake rubuta sunayen ɗalibai da kuɗin da iyayensu suka biya kowane zango. Shugaban makarantar ya ce lokaci ya yi da za mu koma amfani da rumbun bayanai, ni kuwa a ganina abin da nake yi ke nan tun farko. Mene ne bambancin, kuma mece ce manhajar sarrafa rumbun da yake ta ambata? Daga wani akawu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya ta wani ɓangare, domin duk tarin bayanan da aka tsara yadda za a iya nemo abu a cikinsa rumbun bayanai ne, ko da a littafin rajista yake. Sai dai shugabanku yana nufin abubuwa biyu ne da ake yawan haɗe su: bayanan da aka adana, da kuma manhajar da ke tsaye a kansu. Ka ɗauke su kamar sito da mai kula da sito, wanda babu kayan da zai shiga ko ya fita sai ta hannunsa, kuma yana da ikon mayar da kayan da suka saɓa ƙa'ida. MySQL da PostgreSQL da Oracle duk irin wannan manhaja ce, haka ma SQLite, wadda aka fito da ita a 2000 kuma take aiki a cikin kowace wayar Android ba tare da mai wayar ya sani ba.

Bari mu duba shafinka da kyau. A ce wani uba yana da 'ya'ya uku a makarantar, kuma yana biya sau uku a shekara. A Excel za ka rubuta sunansa da lambar wayarsa sau tara a shekara guda, wani wuri Muhammad, wani wuri Mohammed, wani wurin kuma ka taƙaita saboda layin masu biya ya yi tsawo. Ranar da ya canza lambar waya za ka gyara a wurare biyu ka manta da bakwai, daga nan kuma babu wanda zai iya cewa ga lambar da ke daidai. Wannan ita ce cutar da tsarin rumbu ya zo magancewa, kuma maganin shi ne a rubuta kowane bayani sau ɗaya tak, a wuri ɗaya. Sai a yi jadawalin iyaye daban, na ɗalibai daban, na biyan kuɗi daban, a ba kowane uba da kowane ɗalibi lambar da babu mai irinta, wadda masu wannan sana'a ke kira mabuɗi. A jadawalin biya ba a rubuta sunan kowa, lambar ɗalibi kawai ake sa wa da adadin kuɗi da ranar biya, ita kuma lambar ce ke kai ka ga sunansa da ajinsa da mahaifinsa. Lambobin NIN da BVN masu alƙaluma 11 aikin da suke yi ke nan, tun da masu suna iri ɗaya a ƙasar nan ba su ƙirguwa.

Edgar Codd, masanin lissafi ɗan asalin Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, shi ne ya fito da wannan tsari na jadawaloli masu alaƙa a 1970. A kansa aka gina SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, wanda ya samu ƙa'idar bai-ɗaya a 1986 kuma har yau shi ne kan gaba. Da jimla guda za ka umarci manhajar ta fito maka da duk 'yan aji biyu da ba su kammala biyan zango na biyu ba, tare da lambobin iyayensu. Za ka kuma iya gindaya mata sharuɗɗa, misali kada ta karɓi biya da lambar ɗalibin da babu shi, kada ta yarda a rubuta harafi a gurbin kuɗi, kuma malamin aji ya ga sunayen ɗalibansa amma kada ya ga asusun makaranta.

Excel fa ba abin rainawa ba ne, shafinsa guda yana ɗaukar layuka 1,048,576, amma ba ya hana mutum yin kuskure sai in an ɓata lokaci an tsara masa hakan. A 2020 hukumomin lafiya a Ingila sun tsallake sakamakon kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona na wasu kwanaki, saboda an yi amfani da tsohon samfurin shafin da ya cika bai karɓi sauran ba. Ra'ayina shi ne, idan kai kaɗai ne ke shigar da bayanai kuma ɗaliban ba su da yawa, kana iya ci gaba da shi, matuƙar ka ba kowane ɗalibi lamba. Amma da zarar mutum biyu ko uku sun fara rubutu a lokaci guda, ko aka fara yawo da fayil a filashi har ba a san wanne ne na ƙarshe ba, to shawarar shugabanku ce daidai. Ko wanne kuka zaɓa, ku riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban, domin rumbun da ke kan kwamfuta ɗaya yana tafiya ne tare da ita ranar da ta lalace ko aka sace ta.

Tambaya: Na ji an ce rumbun bayanan banki ba ya barin aiki a rabi. To me ya sa ake cire mini kuɗi idan na yi tiransifa, alhali wanda na tura wa bai gani ba? Daga wata 'yar kasuwa a Katsina.

Amsa: Abin da kika ji gaskiya ne, Hajiya. Manhajar tana ɗaukar cire kuɗi daga asusu da zuba su a wani a matsayin aiki guda, ko dai duka biyun su tabbata, ko kuma ta warware abin da ta fara, ko da wuta ce ta ɗauke a tsakiya. Sai dai wannan tabbaci yana da ƙarfi ne a cikin rumbu ɗaya. Idan bankinki daban ne da na wanda kika tura wa, rumbuna biyu ne ke magana da juna, galibi ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke daidaita hada-hada tsakanin bankunan Najeriya. Saƙo yana iya yankewa bayan bankinki ya riga ya cire kuɗin, kuma ba zai mayar miki nan take ba sai ya tabbatar ba su shiga can ba, don kada a biya sau biyu. Ki adana lambar shaidar da ke jikin rasidin tiransifar, domin da ita ma'aikacin banki zai nemo cinikin a rumbunsu idan kika kai ƙorafi.