Tsofaffin kuɗin da muka gada sun yi baƙi: in wanke su kafin a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakarmu ta rasu watan jiya a nan Garwa. Da aka buɗe adakarta sai muka tarar da tsofaffin kuɗi ƙunshe a tsumma: liyari shida masu kan mace da tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780, biyu an huda su, sai jajaye masu zakara na 1943, da wasu marasa nauyi na 1948, da dala goma (sefa hamsin) ta 1960. Duk sun yi baƙi, wasu har da kore-kore. Wani dillali ya ce liyarin kuɗinsu miliyoyi ne, amma sai mun wanke su da ruwan batir ko a goga musu zaiba sun yi ƙyalli kafin mai saye ya iso daga Njamena, kuma mu ba shi sefa dubu hamsin na gwaji. Na riga na goge ɗaya da toka da lemun tsami, ya yi fari amma kamar ya mutu. Hankalina ya ƙi kwanciya domin kayan magada ne. Na yi ɓarna? Yaya zan yi da sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Ka ajiye toka da lemun tsamin nan tun yanzu, kuma kada dala ɗaya ta fita daga aljihunka zuwa hannun dillalin nan. Eh, ka yi ɓarna a guda ɗaya, amma Allah ya taƙaita, domin ka fara da wanda asararsa ta fi sauƙi.

Maganar miliyoyi ba ta da tushe. Matar da ke jikin liyarin ita ce Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk liyarin da aka buga wannan shekarar ce a jikinsa, saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Borno ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, an kuma buga a Rum, Landan, Paris, Brasels da Bombai a shekarun 1930 da 1940, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da sabo da 1780 a kansa. Adadinsa ya haura miliyan 300. Akwai bugu na farko-farko da masana ke nema, amma galibin wanda ke cikin adakar iyayenmu darajarsa ta azurfarsa ce da ɗan ƙari: nauyinsa giram 28.07, azurfa zalla a ciki giram 23.39. Ka tambayi farashin giram na azurfa a ranar, ka lissafa. Biyun da aka huda don ratayawa a wuya, azurfarsu kawai za a saya.

Jajayen nan masu zakara kuwa, su ne masu tara kuɗin yankinmu suka fi ƙauna. A Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnan Chadi Félix Éboué ya sa Chadi ta bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo washegari. Paris na hannun Jamusawa, don haka aka buga wa Kamaru santim 50 da faran 1 na 1943 a Piritoriya ta Afirka ta Kudu. Ka duba rubutun: wasu Cameroun Français, wasu an ƙara Libre, kuma mai tarawa yana son ya haɗa duka biyun. Wanda ya goge da yawo yana da yawa. Wanda gashin zakaransa da tukkunsa suke nan tsaf, da launinsa na asali, shi ake nema. Dala goman 1960 ta tunawa da samun 'yancin kan Kamaru ce ranar 1 ga Janairu, mai kawuna uku na babbar dabbar nan mai kama da gwanki da ake gani a dazukan Benuwe da Buba Njida. Tana da yawa, sai dai in ka ga ƙaramin rubutu ESSAI a jikinta ko a jikin na 1948, to bugun gwaji ne da aka yi kaɗan, ka ware shi dabam.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an kawo kuɗin da suka shekara tamanin lafiya a cikin tsumma, aka kashe su cikin minti biyar saboda wani ya ce mai saye ƙyalli yake so. Mai saye na gaske ƙyallin nan ne yake gudu. Lokacin da injin ya danna ƙarfe, fuskar kuɗin takan samu wasu siraran layuka da ido ba ya rarrabewa, su ke sa haske ya riƙa zagayawa in ka karkata shi. Kaurinsu bai taka kara ya karya ba. Toka, yashi, man goge haƙori, soson ƙarfe, man goge tagulla, har gefen riga in an dage, duk suna share su, kuma babu maƙerin da zai iya mayar da su. Abin da ka gani ke nan da ka ce liyarin ya yi kamar ya mutu. Ka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ninki goma kusa da taga, za ka ga ƙananan karce jere da juna kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Abu na farko da mai saye ke dubawa ke nan, kuma da ya gani sai ya zabge farashi, sau da yawa rabi ko fiye.

Baƙin da ke jikin azurfa ba datti ba ne. Azurfar ce ta haɗu da ƙibiritun da ke cikin iska ta yi wannan fata, kuma fatar shaida ce cewa ba a taɓa kuɗin ba. Haka launin ƙasa-ƙasa na jan ƙarfe. Ka tsoma mai zakara cikin lemun tsami ko tsamiya, zai fito ja-ja kamar ɗanyen nama, kuma ba zai sake komawa launinsa ba. In aka haɗa da gishiri abin ya fi muni: gishirin kan shige cikin ramukan ƙarfen ya kwanta, damina na sauka sai ka ga wani garin kore mai haske yana tsirowa, ka share ya dawo, yana cin kuɗin har ya bar rami. Na 1948 marasa nauyi na alminiyam ne. Kanwa ko sodar yin sabulu na taɓa su sai fuskar ta yi tabo ta dushe.

Ruwan batir kuma a yi hattara da sunan, domin abu biyu ake kira haka a wurin masu cajin batir: akwai tataccen ruwa na ƙari, akwai asid. Wanda dillalai ke nufi asid ne, mai ƙona fata da makantar da ido in ya fantsama. Zaiba ta fi shi sharri. Tana manne wa azurfa da jan ƙarfe ta ba su farin ƙyalli na ɗan lokaci, bayan nan fuskar ta dusashe ta yi dabbare-dabbare. Da ita ma macuta ke shafe kuɗin tagulla su sayar a matsayin azurfa. Sai kuma a ce maka ka ɗora a garwashi don ta fita. Tururinta ba shi da wari ba shi da launi, yana shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma yara da masu juna biyu suka fi cutuwa. Mutum ya sa iyalinsa shaƙar guba a ɗaki saboda kuɗin da bai kai na tunkiya ba! Wallahi duk wanda ya ba da wannan shawara ko dai jahilin sana'ar ne ko macuci, kuma wanda ya haɗa ta da neman kuɗin gwaji tun kafin a ga mai saye ya riga ya nuna ko wane ne. Mai sayen da ake cewa yana hanya daga Njamena ba ya isowa. Bayan kuɗin gwaji sai na mota, sai na takardar kwastan, har a tatse ku.

Gwajin liyari ba ya bukatar asid ko zarto, kuma ba ya cin dubu hamsin. Ka je wurin maƙerin fari mai ƙaramin sikelin lantarki. Nauyi ya tsaya kusa da giram 28, wanda ya sha yawo ya ragu kaɗan. Faɗi kimanin santimita 4. Maganaɗisu kada ya kama shi. A bakinsa akwai rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Na jabu da aka zuba a ƙwarya rubutun yakan cuɗe, ka ga layin haɗi da ƙananan ramuka. Sannan ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure liyarin da zare ka nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Na gaske zai nuna tsakanin giram 2.7 da 2.8, tagulla mai nauyi ɗaya za ta haura 3.2.

Iyakar wankin da aka yarda da shi: in ƙasa ce ta manne, ka jiƙa kuɗin shi kaɗai cikin tataccen ruwa na kantin magani, kwana ɗaya ko biyu kana sauya ruwan, ka ɗora a tsumman auduga mai tsabta ka ɗan danna ya tsane, ban da gogawa. In gam ne ko danƙon leda, asiton zalla (ruwan sinadari mai narkar da danƙo) na minti kaɗan, a waje nesa da wuta. Na cire jan farce yana da mai da turare, bai dace ba. Koren da ya yi tauri sumul ka bar shi. Mai gari kuwa ka raba shi da sauran, ka sa a busasshiyar kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na kwalin takalmi, har ya isa hannun masani.

Ka riƙa kama su ta baki, ban da fuska, domin gumin yatsa na barin tabo. Kowanne a ambulan ɗin takarda nasa, ban da leda mai laushi da robar ɗaure kuɗi. Tunda kayan magada ne, ka rubuta adadinsu da shekarunsu da nauyinsu a gaban shaidu biyu, ka faɗa musu wanda ka goge, ka ɗauki hoton gaba da baya da bakin kowanne cikin hasken rana. Hotunan za ka fara nuna wa masu saye, aƙalla uku waɗanda ba su san juna ba, kuɗin kuma kada su kwana a hannun kowa.