Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗaukar Ɗan Jagora Don Yini Guda a Cikin Tsaunuka

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan magana guda: mutum yana tafiya hutu, yana so ya ware yini ɗaya ya zaga ƙauyukan tsaunuka da mota da ɗan jagora nasa na kansa, ba cikin ayarin babbar bas ba. Mun zaɓo biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Mu shida ne, ni da uwargida da yara huɗu. Kamfanoni biyu sun turo mana tsarin yawon yini guda na awa 10. Na farko zai kai mu wurare tara, na biyu huɗu kacal, kuma kuɗin kusan ɗaya ne. Hankalina ya fi kwanciya da na farkon. Ina kan daidai?
*Daga wani magidanci*

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙirga wurare, fara ƙirga awoyin da za ku yi zaune a mota, domin a nan ne yawancin irin wannan yawo yake lalacewa.

Hanyar tsauni ba a auna ta da kilomita. Motar da ke cin kilomita 100 a awa ɗaya a miƙaƙƙen titi, idan ta fara hawa da shan kwana, da ƙyar take wuce 30 zuwa 40. Mashigar Stelvio da ke Italiya, wadda ta kai tsayin mita 2,757, tana da lanƙwasa 48 a gefenta na arewa kaɗai, kuma a kowacce sai direba ya rage gudu kamar zai tsaya. Daga Marakesh zuwa Ait Ben Haddou a Maroko bai cika kilomita 200 ba, amma da yake sai an haura mashigar Tizi n'Tichka, tafiyar takan ci awa uku da rabi zuwa huɗu, dawowa ma haka.

To ga lissafin da za ka yi da kanka. A ce tsarin wurare tara yana da kilomita 240. A gudun 40, awa shida ke nan a mota. Cire awa ɗaya ta cin abinci, saura awa uku, wato minti 180. Raba shi tara, kowane wuri ya tashi da minti 20. A cikin minti 20 ɗin nan za a nemi wurin ajiye mota, mutum shida su sauka, wani yaro ya nemi banɗaki, a ɗauki hoto, a koma. Ba ku ga wurin ba, kun dai taka shi. Idan kuwa tsarin wurare huɗu kilomita 140 ne, awa uku da rabi ce a hanya, kuma kowane wuri zai samu fiye da awa ɗaya da minti 20. Wannan shi ne lokacin da ake iya gangarawa bakin tafki, a tsaya a saurari ƙararrawar dabbobi daga can gefen kwari, a jira gajimare ya yaye daga kan kololuwa. Mu dai da yara huɗu, na biyun za mu ce ka ɗauka.

Rubuta wa kamfanonin biyu ka tambaye su abu uku: jimlar kilomita, awa nawa a cikin mota, da minti nawa a kowane zango. Sai ka zuba hanyar a taswirar wayarka ka gwada, ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan lokacin da ta nuna, saboda ba ta san da babbar mota mai jan jiki a gabanku ko garken da ya tare hanya ba. Ka kuma tambaya daga ina awa 10 ɗin take farawa. Wasu daga ƙofar masaukinka suke ƙirgawa, wasu tun daga garejinsu.

Batun kuɗi kuma, kada ka ce kusan ɗaya ne sai ka ga abin da ke ciki. Yawon keɓe yawanci a kan mota ake yanka masa farashi, ba a kan kai ba, shi ya sa ku shida kuke iya tashi daidai da tikiti shida na babbar bas ko kusa da haka. Abubuwan da ake yawan barinsu a waje su ne harajin hanya, kuɗin ajiye mota, tikitin jirgin ƙasa ko na motar igiya da ke hawa kololuwa, da kuɗin ƙarin awa idan kun makara. Tikitin hawa kololuwa na mutum shida yana iya zama kaso mai tsoka na kuɗin yinin gaba ɗaya, don haka a rubuta maka shi ɓaro-ɓaro.

Na ga wasu suna rubuta "direba", wasu "ɗan jagora", wasu kuma "direba mai jagora". Ba duk ɗaya ba ne?
*Daga wani ɗalibi*

Ba ɗaya ba ne. Direba aikinsa ya kai ka ya dawo da kai, ba lalle ya fito daga mota ba. Ɗan jagora shi ne mai tafiya da kai a ƙasa yana yi maka bayani. Direba mai jagora mutum ɗaya ne da aiki biyu, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya wadatar idan yawon na kallo ne daga bakin titi. Amma ka sani a muguwar hanya idonsa da hankalinsa suna kan kwalta, kuma haka ya kamata, don haka bayanin sai an tsaya.

Idan tsarin ya haɗa da taka ƙanƙara, ko hawa da igiya, ko barin hanyar da aka yi wa alama, to ana buƙatar jagoran hawan dutse mai takardar shaida. Wadda aka fi amincewa da ita a duniya ita ce ta ƙungiyar IFMGA, wadda jagororin Italiya da Faransa da Ostiriya da Suwizalan suka kafa a 1965. Ko wane iri ka ɗauka, nemi ganin lasisin ɗaukar fasinja na haya da inshorar da ta rufe fasinja. Motar gida da aka juya ta zama ta haya a ɓoye, inshorarta tana iya ƙin biyan ko sisi idan tsautsayi ya faɗa. Sannan ka nemi a tabbatar maka da harshen da za a yi maka bayani da shi, a rubuce.

Za mu tafi da mahaifiyata, ta haura saba'in, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Akwai kuma ɗiyata mai sikila. An tallata mana hawa wani wuri mai tsayin sama da mita 3,000, an ce jirgin ƙasa ne zai kai mu, babu wahala. Me za ku ce?
*Daga wata mai karatu*

Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ita da yarinyar. Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, don haka za mu ɗan tsaya a kanta.

Gaskiya ne jirgi zai ɗauke wa ƙafa wahala, amma ba zai ɗauke wa ƙirji ba. Yayin da ake hawa, iska tana ƙara sakwarkwacewa. A wuri irin tashar Jungfraujoch ta Suwizalan, mai tsayin mita 3,454, iskar oksijin da ke shiga a kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku ce ta abin da ake samu a bakin teku. Saurin hawan ma shi kansa matsala ne, domin jiki ba ya samun damar sabawa. Ciwon tsauni yakan fara nuna kansa daga mita 2,500 zuwa sama: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da haki ko da taku kaɗan aka yi.

Ga yarinya mai sikila, maganar ba ta gwaji ba ce. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma su ukun duk suna jira a saman dutse. Ko masu ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS, an sha samun waɗanda saifarsu ta yi rauni a wurare masu tsayi. Kada ku biya ko kafin alƙalami sai likitanta ya ji adadin mitocin daga bakinki. Ita ma Mama a kai wa likitanta wannan adadi, musamman idan akwai ciwon zuciya ko na huhu a tare da hawan jinin.

Abin da muke ba ki shawara shi ne ki nemi tsarin da ya tsaya ƙasa da mita 2,000. Ba ki yi asarar komai ba. Kyan tsauni sau da yawa daga gindinsa aka fi ganinsa, inda tafki da makiyaya da magangarar ruwa suke, kololuwar tana tsaye a gabanki gaba ɗayanta. Amfanin ɗaukar motar kanku ke nan, ku ne masu cewa ga iyakarku.

Gwiwa kuma gangara ce ke cinta fiye da hawa. Idan aka ce miki "'yar tafiya ce mai sauƙi", ki ce a faɗa miki da lamba: mita nawa, hawa nawa, matakala nawa, kwalta ce ko tsakuwa, akwai abin riƙewa, akwai benci. Masu tafiyar tsauni suna da tsohon lissafi, awa ɗaya ga kowace kilomita biyar, da ƙarin awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600, kuma wannan na mai ƙarfi ne. Ga Mama ki ninka shi. Ki tambayi tsayin matakin shiga motar, a zo da ɗan abin takawa idan mai tudu ce, a sama mata sandar dogarawa, a kuma tsara tsayawa inda akwai banɗaki aƙalla bayan kowace awa ɗaya da rabi. Magungunanta su kasance a jakar hannunki, ba a but ba.

Idan kun riga kun hau wani ya fara ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko tangaɗi, ko magana ba kan gado, a sauko nan take. Saukar 'yan ɗaruruwan mitoci ma takan kawo sauƙi. Ki yi wannan yarjejeniya da jagoran tun a ƙasa.

Idan na biya, ranar ta zo hazo ya rufe ko'ina fa? Kuɗina ya tafi ke nan?
*Daga wani ma'aikaci*

Ya danganta da abin da ka sa wa hannu. Yawancin kamfanoni suna bambanta yanayi mai haɗari da yanayi marar kyan gani. Idan an rufe hanya ko iska ta tsayar da motar igiya, sukan mayar da kuɗi ko su ɗaga rana. Idan kuwa hazo ne kawai, za su ce mota ta fito, direba ya zo. A manyan shafukan intanet na rajistar yawon buɗe ido irin su Viator da GetYourGuide, tafiye-tafiye da yawa ana iya soke su kyauta har zuwa awa 24 kafin lokaci, amma na keɓe wani lokaci sharaɗinsu ya fi tsauri, sai ka karanta na wanda ka zaɓa.

Dabarar ita ce ka sa yawon a farkon kwanakinka, don a sami ranar da za a ɗaga shi zuwa gare ta. Ka tambayi jagoran tun yanzu: idan sama ta rufe, ina za mu? Wanda ya san ƙasarsa zai ba ka amsa nan take, ya ce kwari kaza da ke bayan dutsen yakan kasance a bushe, ko a juya tsarin a fara da ƙasa. Wanda ya ce "sai mun gani" bai da tsari na biyu. Wuraren kallo da yawa suna da kyamarori a intanet da ke nuna kololuwa kai tsaye, a duba su da asuba kafin a sayi tikitin hawa.

Ku fita da wuri. Da bazara, hadari da tsawa sun fi haɗuwa a tsaunuka bayan tsakar rana, safiya kuwa ta fi haske kuma babu cunkoso. Ka duba watan ma: manyan hanyoyi irin Grossglockner ta Ostiriya a rufe suke duk lokacin hunturu, sai wajen farkon Mayu ake buɗe su zuwa ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba.

Sutura kuma kada zafin ƙasa ya ruɗe ka. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane hawa na mita 1,000. Ka baro digiri 25, ka hau mita 2,000, ka tarar da 12, ga iska a kai. Riguna marasa kauri guda uku da za ka iya tuɓewa ɗaya bayan ɗaya sun fi ƙatuwar riga guda, ta saman ta zama mai tare iska da ruwa. Takalmi rufaffe mai ƙasan da ke kama dutse, da tabarau, domin rana ta fi ƙuna a sama duk da sanyin.

Yarana suna amai a mota ko a miƙaƙƙen titi. Kuma ni kaina gangara tana tsorata ni. Ta yaya zan gane direban kirki?
*Daga wata uwa*

Direban kirki a gangara ake gane shi. Yana saukowa da ƙaramar giya, injin na riƙe motar, yana taɓa birki jefi-jefi. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama yana dafa shi ne, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa. Idan kin ji warin ƙuna, ki ce a tsaya a wuri mai faɗi ya huce. Ba ya wuce mota a kwanar da ba a ganin gabanta, ba ya riƙe waya. Gajiya ma abin lura ce: a Tarayyar Turai direban babbar motar fasinja dole ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Ko dokar ba ta hau kan ƙaramar motarku ba, ma'auni ne mai kyau.

Tun wajen yin rajista ki faɗi shekaru da nauyin kowane yaro, don a zo da kujerar da ta dace da shi, ki kuma tabbatar kowace kujera tana da bel mai aiki. Mai saurin amai ya zauna inda yake hango hanya ta gilashin gaba, ban da layin baya, ban da waya ko littafi. Abinci marar maiƙo, kaɗan, da ruwa a kurɓa a hankali, taga a ɗan buɗe. Maganin hana amai ana shan sa ne minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, ba bayan ciki ya juya ba, kuma ki tambayi mai ba da magani wanda ya dace da shekarunsu, domin wasu suna sa barci. Toshewar kunne a hawa da sauka, haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono ko abin tsotsa.

Ki sauke taswirar yankin a wayarki tun a masauki, saboda sabis yakan ɗauke a cikin kwari, ki rubuta lambar gaggawa ta ƙasar a takarda. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. Leda biyu-uku da kayan canji na kowane yaro su zauna a ƙarƙashin kujerarki.