Amsa ga mai neman gonar da za ta riƙe kanta a Kumo

Malam, ka ce kana da fili a bayan Kumo, kana son gonar da ba sai ka sayi taki da iri kowace shekara ba, har ka riƙa ba maƙwabta dashe. Shekara bakwai ke nan ina wannan fama a gefen Dadin Kowa, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada ka fara da sayen itatuwa. Ni na yi wannan gaggawar, na kafa mangwaro mai aure guda 20, kafin rani ya raba awaki sun cinye rabi, gara ta ƙarasa sauran. Shinge ne farko. Samo rassan bini-da-zugu ka kakkafa su kusa da kusa gab da faɗuwar damina. Dabba ba ta cin sa, kuma bayan shekara biyu kai ma kana da reshen da za ka sara wa wani.

Sai ruwa. Ranar da aka sheƙa shi, ɗauki lema ka je ka tsaya, ka ga ta inda yake bi. Ka dai san ƙasarmu da zaizaya, ga yadda kwari ke cin unguwanni a cikin Gombe. Duk inda ruwa ke gudu, ja kunya a gicciye ka dasa ciyawar jema a kanta. Saiwarta nutsawa take yi ƙasa, kuma gindi ɗaya in ya cika sai ka tsattsaga shi ka sake dasawa.

Kututturen da ka tarar yana tofo kuwa, don Allah kada ka tone. Bar masa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Haka manoman Maraɗi suka dawo da itatuwansu tun wajen 1983, suna ce masa sassaben zamani. In gawo ne, ka yi dace: da damina yake zubar da ganye, gero ba ya rasa rana, ƙasa ta sami taki, da rani tumaki su ci 'ya'yan. Sai dai fa ba ya sauri.

Abin rabawa shi ne mai ba da irin kansa: karan rogo, yaɗon dankali, reshen zogale, 'ya'yan ayaba a inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, da kuɓewa da yakuwa ta gida. Irin tumatir mai aure da ake sayarwa a gwangwani bai cika maimaita kansa ba, kada ka wahala ajiye shi.

Bara waccan shanu suka fasa shinge suka tashi rogona kaf. Wani dattijo da na taɓa ba ɗauri biyu na karan rogo, shi ya aiko jikansa da kara cike da amalanke. In Allah ya kai mu watan Yuni, zo da buhu, akwai jema da zogale.