Tambayoyinku Kan Fasaha: Albashin manajan aikin dijital, da abin da ke shiga aljihu

Tambayoyin wannan mako sun karkata ga batun kuɗi. Yaranmu na zango da suka gama jami'o'in KNUST da Legon sun fara shiga kamfanonin fasaha, kuma ba dukansu ne ke rubuta manhaja ba. Na zaɓi biyar daga cikin saƙonnin, na taƙaita su.

Malam, ni dattijo ne, ina da shagon atamfa a Kejetia. 'Yata ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, yanzu ta ce za ta zama manajar aikin dijital. Na tambaye ta ko ita ce mai ƙera manhaja, ta ce a'a. To me za ta yi da har za a biya ta? Akwai ci gaba a ciki?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka kwantar da hankalinka, sana'a ce ta gaske. Ka tuna lokacin da kake gina gida: akwai magini, akwai kafinta, akwai mai jan waya, amma akwai mutum ɗaya da kake kira idan siminti ya ƙare ko aka wuce ranar da aka yi maka alkawari. Bai ɗora bulo ko ɗaya ba, amma in babu shi ginin sai ya tsaya. Matsayin da 'yarka take nema ke nan.

A ce banki yana so a yi masa manhajar da za ka tura kuɗi daga asusunka zuwa MoMo. Ita ce za ta zauna da mutanen banki ta ji abin da suke so, ta yanka aikin gunduwa-gunduwa, ta raba wa masu rubuta manhaja da masu zanen fuskarta da masu gwaji, ta sa wa kowa rana, ta riƙe lissafin kuɗi. Kowace safiya za ta tara su minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya gama jiya da abin da ya tare masa hanya. Idan mai aikin ya zo da sabuwar buƙata ana dab da gamawa, ita ce za ta dube shi ta ce masa wannan zai ƙara mako uku da kuɗi kaza, ya yarda ko a bari. A 2018 da aka haɗa layukan kuɗin waya a Gana ta hannun GhIPSS, kamfanin Babban Bankin Gana mai kula da hanyoyin biyan kuɗi, har mai MTN ya iya tura wa mai wani layi kai tsaye, irin waɗannan mutane ne suka yi ta zirga-zirga tsakanin kamfanonin waya da bankuna.

Batun samu kuwa, sunan muƙamin ba shi ke yanke albashi ba. Mai biya ne ke yankewa. Kamfanonin waya, manyan bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa su ne a sama, sai kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Ƙananan kamfanoni masu yi wa 'yan kasuwa shafukan intanet suna ƙasa, ko da yake a can ne yaro ya fi saurin koyon aiki, don komai a kansa yake. Za ta fara a matsayin mataimakiya mai rubuta bayanan taro da bin mutane da tuni. Daga nan a ba ta aiki ɗaya ta riƙe, sannan ayyuka da yawa a lokaci guda, har ta kai ga shugabantar wasu manajoji. Babban tsalle a albashi yakan zo ne a lokacin da aka damƙa mata aiki mai nauyin kuɗi, ko ta sauya kamfani da shaidar abin da ta kammala. Ka yi mata addu'a, kuma shekara biyun farko kada a matsa mata da lissafin abin da take kawowa gida.

Malam, ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kumasi, ana ba ni sidi 6,500 a hannu, ina zaune gidanmu a Aboabo. Wani kamfani a Akra ya ce zai ba ni 10,000 a wata. Abokaina sun ce in tattara in tafi. Me ka gani?

Ƙanena, kafin ka sayi tikitin mota, koma ka tambaye su abu ɗaya: wannan 10,000 ɗin kafin a cire haraji ne, ko bayan an cire? Yawancin takardun ɗaukar aiki jimillar kafin cirewa suke rubutawa, kuma a nan matasanmu suka fi yin tuntuɓe.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Idan duk 10,000 ɗin ainihin albashi ne, za a fara cire kashi 5.5 cikin ɗari na fansho, wato sidi 550. Saura 9,450, a kansa hukumar tara kuɗin shiga ta GRA za ta ɗora haraji. Bisa matakan 2024, sidi 490 na farko babu haraji, daga nan yana hawa: kashi 5, kashi 10, kashi 17.5, sannan duk abin da ya haura kimanin 3,900 a cire masa kashi 25, kuma rabin albashinka da ɗoriya a wannan matakin yake. Harajin zai kama kusan 1,960. Abin da zai faɗo asusunka bai wuce 7,500 ba. Ka ga ratar da ke tsakaninka da Kumasi ta dawo kimanin sidi dubu ɗaya, ba dubu uku da ɗari biyar ba.

Yanzu sai haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma kai ma ka san a Akra shekara ɗaya ko biyu ake nema kafin a miƙa maka mabuɗi. Ofisoshin irin waɗannan kamfanoni sun fi yawa a East Legon, Osu da Airport City, ɗakin da za ka iya biya kuwa yana Madina ko Ashaiman ko Kasoa. Ka lissafa kuɗin trotro safe da yamma, da sa'o'in da cunkoso zai cinye maka, da abincin da a Aboabo Inna ce ke zuba maka. Dubu ɗayan nan ba za ta kai tsakiyar wata ba.

Ban ce kada ka tafi ba. Akra ce cibiyar wannan sana'a, kuma shekara biyu a kan babban aiki na iya buɗe maka ƙofar da shekara biyar a ƙaramin kamfani ba za ta buɗe ba. Amma ka tafi da idonka a buɗe, kuma ka yi ciniki. Ka nemi su rubuta maka nawa ne ainihin albashi, nawa ne alawus. Wasu kamfanoni sukan ƙanƙantar da ainihin albashin su kumbura alawus, saboda kashi 13 da doka ta ɗora musu na fanshonka a kan ainihin albashi ake lissafa shi. Yau za ka ga kamar ka ci riba, ranar da ka je hukumar fansho ta SSNIT da furfura za ka gane wanda ya ci. Ka tambayi inshorar asibiti, kuɗin data, da ko za su biya maka jarrabawar ƙwarewa. Hutun shekara kuwa haƙƙinka ne, Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ba ka aƙalla kwana 15 na aiki. Idan kuma suka ce ɗan kwantiragi za su ɗauke ka ba ma'aikaci ba, to babu fansho daga wajensu, babu hutu mai albashi, sai ka ɗaga farashinka daidai da haka. Kunyar ciniki ba ta da amfani a nan. Wanda za a ba amanar kasafin kuɗin aiki, in ya kasa kare nasa albashin, su ma masu ɗaukar aikin suna lura.

Malam, wani kamfanin Turai ya ce in riƙa yi masa aiki daga gida a Nima, dala 1,000 a wata. Ina da aiki a banki. In ajiye?

'Yar'uwa, na san abin da ya sa dala take da daɗin ji. A 2022 an shiga shekara dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 14, tsadar kaya ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Masu albashin sidi sun ji jiki, masu karɓar dala kuwa albashinsu ya ninka ba tare da an ƙara musu ko sisi ba. Sai dai a 2025 abin ya juya: cikin 'yan makonni dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusan 10. Dala dubun nan taki da ta kasance kusan sidi 15,000 ta koma wajen 10,000, alhali kuɗin haya da na makarantar yara ba su sauko haka ba. Don haka ki yi lissafinki da farashi mai ƙasa, in ya hau ki gode wa Allah.

Daga wannan kuɗin ke za ki biya intanet mai ƙarfi da layi na biyu na ko-ta-kwana, ki tanadi batir ko inbata saboda dumsor, wato ɗauke wuta, ki biya wa kanki fansho da asibiti. Haraji ma yana nan, domin mazaunin Gana yana biya a kan abin da ya samu ko daga waje ya zo. Ki duba agogo kuma. Landan lokacinmu ɗaya da su a lokacin sanyinsu, da bazara su wuce mu da sa'a ɗaya, wannan da sauƙi. In da Amurka ce, taronsu na rana zai riƙa faɗo miki tsakanin Magariba da Isha'i.

Abin da ya fi damuna shi ne sallama. Kowa ya ga abin da ya faru da ofishin Twitter na Akra a Nuwamba 2022, aka sallami kusan dukkan ma'aikatan bayan kamfanin ya sauya hannu. Idan babban kamfani mai ofis a gari ya yi haka, ina ga wanda ba ki taɓa ganin ƙofarsa ba? Kada ki ajiye aikin banki sai kin riƙe kwantiragi a rubuce mai faɗin kwana nawa za su sanar da ke kafin rabuwa, kuma kina da ajiyar da za ta riƙe ki wata shida. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi ta MoMo don rajista ko kayan aiki kafin ki fara, ɓarawo ne, ki toshe lambarsa.

Malam, wane satifiket ne ke ƙara albashi? An ce PMP. Ban taɓa riƙe aiki ba.

Ɗan'uwa, PMP, wato satifiket ɗin ƙwararrun manajojin aiki, ba na mai farawa ba ne. Cibiyar PMI ta Amurka da ke bayar da shi ta daɗe tana neman mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar ayyuka, da sa'o'i 35 na horo, kuma kuɗin jarrabawar ɗaruruwan dala ne. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin waje suna girmama shi, lokacinsa zai zo. A yanzu CAPM, satifiket ɗin PMI na masu farawa, shi ne daidai kai, horon sa'o'i 23 yake nema, ba ya neman gogewa. Akwai kuma kwas ɗin Google a Coursera, da satifiket ɗin PSM I na masu bin Scrum, tsarin yin aiki zango-zango cikin 'yan makonni, wanda kamfanonin manhaja suka fi sani.

Amma a wajen intabiyu abin da ake tambaya shi ne: wane aiki ka kai ƙarshensa? Je ka makarantar Islamiyyar unguwarku ka ce za ka mayar musu da rajistar ɗalibai da kuɗin wata cikin kwamfuta. Nemo yaro ɗaya mai rubuta manhaja, buɗe allo kyauta a Trello, shafin tsara ayyuka, rubuta ranar farawa, ranar gamawa da abin da aka kashe. In an makara, rubuta dalili da yadda ka gyara. Shafi biyu na wannan labarin sun fi satifiket uku nauyi a hannun mai ɗaukar aiki.

Malam, wace laftof zan saya don wannan aiki? Kuɗina kaɗan ne.

Ba ka buƙatar mai tsada, don aikin yawancinsa taron bidiyo ne da Excel da Jira, manhajar bin sawun ayyuka. Nemi mai RAM na GB 8 aƙalla, 16 in da hali, da ma'ajiya irin ta SSD. Sayi abin kunne mai makirufo mai kyau, muryarka ita ce rabin aikinka. Idan ta hannu za ka saya a Adum ko Circle, batir ne abin dubawa. Kafin ka biya, buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa yanzu. In ya gaza kashi 70 na asali, a rage maka kuɗin sabon batir ko ka wuce shago na gaba.