Tambaya da Amsa: Wa ya san abin da ya tsayar da ginin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyuka, ina bincike kan abin da ke sa ginin ajujuwan gwamnati ya tsaya ba a gama ba. Na raba takardar tambayoyi ga mutum 60, amma malamin da ke duba aikina ya ce hanyar binciken ba ta da ƙwari. Ina gizo ke saƙar?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Su wane ne mutum 60 ɗin? In 'yan ajinku ne, malaminki bai zalunce ki ba. Ko a maganar yawa, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda masu bincike ke dubawa don sanin mutum nawa za su tambaya, ya nuna in mutanen da abin ya shafa 500 ne, sai kin tambayi 217.

Amma ni ba yawan ne ya dame ni ba. Ki ba ɗan kwangila takarda mai zaɓi biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", zai ce gwamnati ce ba ta biya ba. Jami'in ma'aikata zai ce ɗan kwangila ne ya gudu. Kowa ya wanke kansa, ke kuma kin tashi a tutar babu.

Ki ɗauki gine-gine uku kacal, ki bi kowanne tun daga tushe. Ki nemi takardar kwangila, ranar da aka biya kuɗin somin aiki, da ranar da aka yi alkawarin miƙa makulli. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ki damar nema a rubuce, ta kuma ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, ko da yake sai kin yi ta sintiri.

Sannan ki je wurin da ƙafarki. Na taɓa shafe mako ina bin wani injiniya bai ce mini komai ba, sai maigadin makarantar ya ƙirga mini da yatsa: siminti ya iso bayan ruwa ya sauka, magina kuwa duk sun koma gona. Babu fayil ɗin da ya rubuta wannan. Ki zauna da shugaban makaranta da magini, kowa daban, ki gwada maganarsu da ranakun da ke takarda.

Takardar tambayoyin ki bar ta ƙarshe, ki fara gwada ta a kan mutum goma. Kuma ki gaida mai unguwa kafin ki fito da biro.