Shin tafasa dangin wake ce?

Tambaya: Malam, na ga tafasa tana fitar da kwanso kamar wake, alhali ba wanda yake shuka ta. Shin danginsu ɗaya, kuma a ina ta fi fitowa?
Daga wata mai karatu, Gusau

Amsa: Malama, idonki ya gani daidai, domin tafasa dangi ɗaya take da wake da gyaɗa da ɗorawa, kuma shaidar hakan ita ce siririn kwansonta mai lanƙwasa kamar lauje, wanda yake biyo bayan furenta rawaya. Sai dai saiwarta ba ta yin ƙullutun nan da ke ƙara wa ƙasa taki, kamar yadda ta wake take yi.

Da zarar damina ta faɗi, za ki gan ta a bakin hanya da kufai da burtali, musamman inda dabbobi suka cinye sauran ciyawa, saboda ba su cika kula ta ba tana ɗanya. Daga Senegal har Sudan haka take, kuma a Darfur ana tsima ganyenta a yi abin miya da ake kira kawal. Mu kuwa kwaɗonta da ƙuli-ƙuli muka fi sani, kuma a ganina ganyen farkon damina ya fi daɗi.